Yadda Ake Zaƙulo Dogayen Kalmomin Turanci Ta Haruffa Da Tsawo

Mai neman doguwar kalmar Turanci, ko don wasan Scrabble na haɗa kalmomi da ƙwayoyin haruffa a kan allo, ko don cike gurabun wasa ƙwaƙwalwa, yawanci zuba haruffansa yake yi a akwatin bincike ya danna. Sai kalmomi ɗaruruwa su zubo masa, ya rasa ta kamawa. Gyaran yana wajen tambayar da ka yi wa na'urar.

Fara da takarda da biro. Ja gajerun layuka daidai yawan haruffan da kake nema, ka ɗora waɗanda ka sani a gurabensu. A nan aka fi yin tuntuɓe, domin mutane da kunne suke ƙirga, alhali rubutun Turanci ba ya bin kunne. Wanda ya saba da rubutun Hausa yakan ɗauki sh a matsayin baƙi guda, amma a Turanci gurbi biyu take ci, haka th da ch da ph. Ga kuma tagwayen baƙaƙe: accommodation, wato masauki, haruffa 13 ce saboda c biyu da m biyu, wanda ya ƙirga da baki 11 zai samu. Sannan Ingila da Amurka ba su daidaita ba. Kalmar unguwa a Ingila neighbourhood ce, 13, a Amurka neighborhood, 12. Kuskuren gurbi ɗaya ya isa ya ɓoye maka kalmar gaba ɗaya, ko da tana cikin ƙamus.

Daga nan ka mayar da layukan zuwa alamomi. Ni OneLook, wani shafin intanet na binciken kalmomi, na fi so, kyauta ne, kuma ba sai ka sauke manhaja ba. A cikinsa alamar tambaya tana tsayawa a madadin harafi ɗaya tak, tauraro a madadin haruffa ko nawa ne, # baƙi, @ kuma wasali. A ce kalmar tana da haruffa tara, ta fara da c ta ƙare da y. Rubuta c, alamar tambaya bakwai, sannan y: c???????y. Za ka ga certainly, carefully, community, chemistry da tarin wasu. In ka san na huɗu m ne, sai ya zama c??m????y, jerin ya tsuke. Ƙara e a gurbi na uku, community ta fita, chemistry ta tsaya.

Kada ka taɓa tauraro muddin ka san tsawon. Masu koyo suna son sa don ya fi sauƙin bugawa, amma c*y za ta kwaso maka city da copy da jimloli masu kalmomi uku-uku, ka wuni kana tsinta. Tauraro na wanda bai damu da tsawo ba ne, kamar mai son ganin duk abin da ya ƙare da *ment. In kuma ma'anar ka sani, rubutun ne ya kuɓuce maka, sa ɗigo biyu bayan tsarin ka bi shi da kalma mai alaƙa: c???????y:science. Wannan dabara ta fi zama kana lalube.

Akwai lokacin da haruffa ne a hannunka a warwatse, ba gurabe ba. Jera su bisa tsarin abacada tukuna, sannan ka ware ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙa wa ƙarshen kalma, a gefe. Ɗauki A E G I L N R T. Cire ING, saura A E L R T, nan take ido zai ga altering, alerting, relating. Amma kada ING ta rufe maka ido, domin waɗannan haruffa takwas su ne kuma triangle da integral. Gwada ED, ER, EST, TION, sannan ka juya gaba ka gwada UN, RE, DIS. A Scrabble ƙwayoyi bakwai ne a gabanka, wanda ya zubar da su duka a wasa ɗaya yana samun ƙarin maki 50, shi ya sa kalmomi masu haruffa bakwai da takwas suka fi cancantar hadda. Ƙwayar da ba ta da rubutu, alamar tambaya za ka sa mata a bincike. Allon kuwa gida 15 ne kowane gefe, don haka doguwar kalmar Turanci ta wani ciwon huhu, mai haruffa 45, da ake tinƙaho da ita ba za ta tsinana maka komai ba.

Hanya mafi arha ta samun doguwar kalma ita ce miƙa gajeriyar kalma: nation 6, national 8, international 13, internationally 15. Sai dai lissafin ba kullum yake tafiya daidai ba. Believe bakwai ce, able huɗu, amma believable goma ce don e ta faɗi. Begin biyar da ing uku ta zama beginning, tara, don n ta ninku. Sake ƙirgawa bayan kowane ƙari.

Saura ma'ana. Kada ka yi hasashe daga ɗafa-goshi, wato ƙarin da ake liƙa wa farkon kalma. Invaluable ba ta nufin marar daraja, tana nufin abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi. Inflammable kuma mai saurin kama wuta ne, daidai da flammable. Buɗe ƙamus na masu koyo, na Oxford ko na Cambridge, ka karanta jimlar misali kafin fassarar. In ka ga an rubuta archaic ko obsolete a gefe, tsohuwar kalma ce da aka daina yayi, ta yi a wasa amma ba ta yi a takardar neman aiki ba. A wasan ma ku yi matsaya kan ƙamus kafin a fara, domin jerin kalmomin Scrabble na Collins yana karɓar kalmomi da yawa da jerin Arewacin Amurka ba ya karɓa.