Yadda Ake Shirin Tafiyar Ƙafa a Duwatsun Azbin

Mutumin da ya tashi a bakin fadamar Argungu ko ta Birnin Kebbi, inda ake tarar da ruwa a rijiya mai gaba biyu ko uku, yakan ɗauka cewa zafin rana ne babban abin tsoro a duwatsun hamada. Ni ma haka na ɗauka kafin na taka Azbin, wato jerin duwatsun da ke arewa da Agadas a Jamhuriyar Nijar, ƙasar da Gobirawa ke cewa daga can kakanninsu suka gangaro. Abin da na koyo shi ne, a kan ruwa ake tsara tafiyar nan tun daga farko har ƙarshe: ruwan da mutum zai ɗauka, da wanda zai tarar a hanya, da kuma wanda zai iya auko masa cikin dare alhali ko ɗigo bai sauka a inda yake ba.

Sai a fara da zaɓen lokaci. Watannin Nuwamba zuwa Fabrairu su ne na tafiya, domin rana tana da sauƙi kuma ƙoramu sun daɗe da janyewa. Daga Afrilu zuwa Yuni bazara takan gasa duwatsun har tafin hannu ba ya iya dafa su, daga Yuli zuwa Satumba kuwa damina ce, wadda ko da yake gajeriya ce, ita ce ke kawo ambaliya. Amma hunturun can ba irin namu ba ne. Iska tana ƙara sanyi da kusan digiri 6 a kan kowane mita 1,000 da aka hau, kuma ƙololuwar Bagzan, wadda ta fi kowane wuri tsawo a Nijar, ta kai mita 2,022. A cikin Janairu sanyin asuba a kan tudun yakan kusa daskarar da ruwa, saboda haka rigar sanyi mai kauri, da safa, da hular da ke rufe kunne, da bargo biyu ba kayan ƙawa ba ne.

Maganar tsaro tana gaba da komai, kuma mu mutanen Kebbi da Zamfara ba mu bukatar a yi mana dogon bayani a kanta. An yi tawaye a arewacin Nijar daga 2007 zuwa 2009, an binne nakiyoyi a wasu hanyoyi a lokacin, kuma a 2025 an sace Turawa a cikin garin Agadas kansa. Don haka kada wanda ya fita daga gari sai ya sanar da hukuma, ya karɓi izinin da ake bukata, ya kuma bi abin da aka gaya masa game da rakiya da wuraren da ba a zuwa. Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ya kamata matafiyi ya tabbatar da takardun da ake nema a iyaka kafin ya bar gida, ya riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, ya kuma canza kuɗinsa zuwa sefa. Hanyar da aka fi bi daga wajenmu ita ce ta Sakkwato zuwa Illela, a tsallaka Birnin Ƙonni, a bi ta Tawa da Abalak har Agadas.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata guda ko biyu kafin tashi, mutum ya riƙa fita bayan sallar asuba da jaka mai nauyin kilo shida ko bakwai a bayansa, ya yi awa biyu yana tafiya, yana neman wurin hawa da gangara, kamar tuddan Dukku ga wanda ke Birnin Kebbi, ko duwatsun Zuru ga mutanen kudu, matuƙar akwai kwanciyar hankali a wurin. Ƙafar da ta saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar fadama takan sha mamaki a kan tsakuwa mai gangara, kuma gwiwa ta fi wahala a saukowa fiye da hawa. A wannan atisayen ne ake horar da takalmi. Na taɓa yin kuskuren sayen sabon takalmi mako guda kafin tafiya, kuma a rana ta biyu duga-dugaina biyu suka yi bororo, har sai da aka ɗora ni a kan jakin da ke ɗauke da ruwa, aka raba jarkokinsa ga abokan tafiyata. Takalmin ya kasance mai rufe idon sawu, mai kaurin tafi saboda ƙayar aduwa da tsidau, kuma ya fi ƙafa girma kaɗan domin ƙafa takan kumbura da yamma.

Yanzu ga lissafin ruwa. Iskar Azbin busasshiya ce ƙwarai, gumi yana bushewa tun bai jiƙa riga ba, shi ya sa mutum yakan yi asarar ruwa mai yawa ba tare da ya sani ba. Mai tafiya yini guda a hunturu ya ware wa kansa lita huɗu zuwa shida ta sha kawai, ban da girki, kuma ya tuna cewa kowace lita kilo guda ce. Wannan ne dalilin da ya sa ake hayar jaki ko raƙumi, a ɗora masa jarkoki ko salka, mutum ya riƙe lita biyu a jikinsa. Ba a jira sai ƙishi ya zo. Ana kurɓa kaɗan kaɗan duk bayan rabin awa. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne fitsari: idan ya yi duhu kuma ya ragu, to jiki yana bin bashi. Ciwon kai da jiri da murɗewar tsoka alamu ne na a tsaya a inuwa, a haɗa cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a cikin lita guda, a sha sannu a hankali. Idan ruwan da ya rage bai wuce na sha ba, taimama ta wadatar, kuma matafiyi yana da sauƙin ƙasaru.

A cikin duwatsun akwai kwarmin dutse da ke riƙe ruwan damina watanni da yawa, kuma wanda ya fi shahara shi ne na kusa da Timiya, garin lambunan lemo da rumman da dabino da ke da nisan fiye da kilomita 200 daga Agadas. Kada kyan ruwan ya ruɗi kowa, domin awaki da raƙuma da tsuntsaye duk a nan suke sha. A tace shi da tsumma mai tsabta, a tafasa shi sosai na minti guda, ko a jefa ƙwayar tsarkake ruwa irin Aquatabs a jira rabin awa. Haka kuma ba a wanka ko wanki da sabulu a cikinsa, sai a ɗebo a koma gefe, saboda akwai makiyayan da ba su da wani ruwan sai shi.

Inda baƙo ya fi halaka kuwa shi ne ƙoramar da ta bushe, wadda mutanen can ke kira kori. Hanyoyin ƙafa da yawa ta cikinta suke bi, domin tana da yashi mai laushi da inuwar goriba da bagaruwa, kuma idan gajiya ta zo babu wurin da ya fi ta jan hankalin mai neman shimfiɗa. Dutse ba ya shan ruwa, don haka ruwan da ya sauka a can sama mai nisa yakan taru ya gangaro gaba ɗaya. A farkon Satumban 2009 korin Telwa ya ɓalle cikin dare ya rushe dubban gidaje a Agadas. A tafiyata ta farko, da muka isa zango na warware tabarmata a tsakiyar yashi, sai jagoranmu, wani dattijo Ba'abzine, ya ɗaga ta ya kai kan gaɓa, ya nuna mini busasshiyar ciyawa da karmami da suka maƙale a reshen bagaruwa sama da kaina. Ya ce, "Malam, wancan ba tsuntsu ne ya kai shi ba." Ko a rani a kwana a kan tudu, domin sanyi ma a kwari yake taruwa. Wanda ya ji ruri kamar na babbar mota daga sama, ko ya ga jan ruwa yana malalowa da itatuwa da kashin awaki, ya bar kayansa ya hau gaɓa nan take, kada ya yi gudu a gaban ruwan.

Da ɗan gari akan ci gari, kuma a nan ba karin magana ce kawai ba. Hanyoyin ba su da allo, sai 'yan tarin duwatsu da makiyaya ke ɗorawa, waya kuma ba ta samun sabis a mafi yawan wurare. A ɗauki jagora daga garin da za a tashi, kamar Tabelot da ke gindin Bagzan, a yi ciniki a fili kan kuɗinsa da na dabbobi da abinci, a kuma bar masa hukuncin lokacin tashi da wurin zango. Yawancin Abzinawa suna jin Hausa, saboda ayarinsu na gishirin Bilma ya daɗe yana sauka a kasuwanninmu. Tsarinsu shi ne a tashi da sassafe, a ya da zango kafin azahar, a sake ɗagawa bayan la'asar, a sauka tun da sauran haske. Mai rauni ne ake sa wa a gaba domin kowa ya bi saurinsa.

Guzuri ya zama marar nauyi kuma marar lalacewa: dabino, kilishi, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, gumba da cuku, tare da ganyen shayi da sukari, waɗanda kuma su ne tsarabar da ta dace idan an sauka a wurin makiyaya. Rawani ya fi hula amfani, domin yana tare rana da ƙura kuma yana rage bushewar maƙogwaro. A riƙe tocila, da ashana, da bandeji, da man shafawa saboda faso. Da safe a zazzage takalmi kafin a sa ƙafa, kuma kada a cusa hannu a ƙarƙashin dutse, saboda kunama da kububuwa. Zanen dabbobin da mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin duwatsu, irin raƙuman dawa na Dabus, ba a taɓa su kuma ba a rubuta suna kusa da su; yankin Azbin da hamadar Tenere yana cikin wuraren da UNESCO ta keɓe tun 1991.

Kafin a bar Agadas a rubuta wa wani amintacce sunayen zangon da za a yi, da lambar wayar jagora, da ranar da ake sa ran dawowa, a kuma yi yarjejeniya da shi cewa idan kwana guda ya wuce bai ji labari ba, ya sanar da hukuma ba tare da ya jira ba.