Yadda ake fita ƙaramin wasa da jita ko gurmi a ji ka har ƙarshe

Wannan bayani na wanda ya riga ya iya kiɗinsa ne a ɗaki, yana da waƙoƙi biyar ko shida a ka, aka kuma fara kiransa wurin kamu, ko walimar gama makaranta, ko zaman abokan ango da yamma, irin taron da bai wuce mutum hamsin zuwa ɗari ba. Babu piyano, babu kiɗan situdiyo a filashi da za ka hau kai. Daga kai sai tsirkiya sai ɗan amshi. Yawancin sababbin shiga ba rashin iya kiɗa ke kayar da su ba. Kafin a kai waƙa ta uku kayan kiɗa sun sauka daga saiti, murya ta dushe, jama'a sun koma hirarsu, kuma duk wannan tun kafin a fara wasa ake maganinsa.

Abin da za ka tambayi mai taro

Ka san ko a rufe wurin yake ko a fili: zaure ne, tsakar gida, ɗakin taro, ko ƙarƙashin rumfa a bakin titi. Ka san ko akwai DJ, da yawan makirufo da zai iya ba ka. Ka tambayi lokaci, sannan ka yi naka lissafin, domin taron da aka ce ƙarfe huɗu ba ya kankama sai wajen biyar da rabi, magariba kuwa a Kano ko Zariya tana faɗuwa tsakanin shida da bakwai saura, gwargwadon watan da ake ciki. Ke nan abin da za ka samu minti talatin ne zuwa awa ɗaya da 'yan mintuna, da an kira salla kuma ka ajiye kiɗa ko da kana tsakiyar baiti. Idan a titi ne, mai taro shi zai sanar da mai unguwa. A garuruwan da ke da Hisba ka tabbata tun farko ko taron na mata ne zalla ko na maza, kada ka je ka tarar da abin da zai sa a tashi wurin.

Ka karɓi kafin alƙalami, rabin kuɗin da kuka yi ciniki. Wanda ya ce “ai za ka samu a liƙi” yana nufin ba zai biya ba, kuma kuɗin motar ɗan amshinka daga aljihunka zai fito.

Ka nemi sunaye a rubuce kwana biyu kafin ranar: amarya, ango, iyayensu, da manyan da za su zauna a gaba, kowa da laƙabinsa. Wanda ake kira Alhaji kada ka ce masa Malam, mai sarauta kuma da sarautarsa ake kiransa. Ka rera kowane suna a gida a kan karin waƙar, domin Hausa harshe ne mai hawa da sauka, sunan da aka cusa a karin da bai dace da shi ba yakan fito a karkace har mai shi ya kasa gane kansa.

Yanayi da saiti

Nan ne aka fi faɗuwa, don haka nan za mu daɗe.

Gurmi, garaya, molo da kuntigi duk fata ce a fuskarsu, jakin da ke ɗauke da tsirkiya kuma a kan fatar yake zaune. Da damina, ko da yamma bayan raɓa ta fara sauka, fatar na shan laima ta saki. Jaki ya nutse, tsirkiya ta yi sako-sako, sauti ya sauka ya kuma dushe. Sabon makaɗi sai ya kama ƙara ɗaure tsirkiya, alhali ba ita ce da laifi ba. Yana ja jaki na ƙara nutsewa, ƙarshe ta tsinke. Fatar za ka gyara tukuna. Ka roƙi garwashi kaɗan wurin masu girki ko mai shayi, ka riƙe kayan kiɗan nesa da shi kamar kamu ɗaya, kana juyawa kana ƙwanƙwasa fatar da ɗan yatsa har ka ji amonta ya tashi. Minti biyu zuwa uku sun isa. Kada ka kanga ta a kan harshen wuta, kada kuma ka tsaya a gefe ɗaya. Bayan nan ne za ka saita tsirkiya. Idan wasan zai wuce rabin awa a daren damina, a bar garwashin kusa, za ka sake buƙatarsa.

Da hunturu abin juyawa yake yi. Fata na ɗamewa da kanta, sauti ya hau sama da inda muryarka ta saba, idan kuma aka bar ta a rana tana iya tsagewa ta gefen da aka ɗinke ko aka kafe ta. Ka ajiye ta a inuwa cikin buhun yadi, kada ta ga garwashi sam.

Jita ba ta da fata, amma katako ma yana numfashi. Masu ƙera ta suna son laimar iska ta tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturun Arewa kuwa yakan sauke ta ƙasa da kashi 20. Alamar farko ita ce tsirkiya ta fara zuza a kan ƙarafan wuya, sannan bakin ƙarafan ya fara kartar hannu, daga nan sai tsaga a fuskar jitar. Maganin ba shi da tsada: soson wanke-wanke sabo, a jiƙa a matse sosai, a sa a leda mai huda biyar ko shida, a ajiye cikin jakar jitar a rufe. A duba shi duk bayan kwana biyu. Kada kuma a bar jita a but ɗin mota da rana, zafin wurin yana sassauta gam ɗin da ya riƙe jakinta.

Sababbin tsirkiyoyi ba a sa su ranar wasa. Suna miƙewa har kwana biyu ko uku, don haka ka canza kwana huɗu kafin ranar, ka riƙa jan kowace a hankali da yatsa kana sake saitawa har ta daina sauka. Ka tafi da ta ɗaya da ta uku na ajiya, su suka fi tsinkewa. Kullum daga ƙasa ake hawa zuwa saiti. Idan ka zarce, ka sassauta ka sake hawowa, in ba haka ba za ta zame a tsakiyar waƙa. Manhajar saiti ta waya tana aiki a ɗaki, amma a wurin biki janareta da surutu take ji, ba jitarka ba. Sayi 'yar na'urar da ake maƙalawa a kan jita, ita da motsin katako take aiki.

Ka isa wurin da minti arba'in a hannu. Buɗe jaka, bar kayan su sha iskar wurin minti goma sha biyar, sannan ka saita. Wanda ya saita a gida ya hau babur ya zo ya fara kai tsaye, da karkataccen sauti zai buɗe wasa.

Inda za ka ɗora murya

A ɗaki kana rerawa a hankali, muryar da ke sama tana zuwa da sauƙi. A fili dole ka buɗe maƙogwaro, sai ka ga wurin da kake hayewa ba wahala ya gagare ka. Nemo wurin da murya ta fi hawa sama a kowace waƙa, yawanci wurin kiran suna ko kirari ne. Fita tsakar gida, tsaya, rera ta da cikakkiyar murya sau biyar a jere. Idan a na huɗu ka ji wuya ya ɗaure, waƙar ta yi maka sama, sauke ta da gaɓa biyu na wuyan jita.

Mai jita ya koyi waƙoƙinsa da kapo, wato ɗan matsin da ake maƙalawa a wuyan jita don ɗaga sauti, a gaɓa ta biyu ko ta uku. Ranar da mura ko ƙura ta kama shi, sai ya ja kapon baya ko ya cire, yatsu ba su canza komai ba. Duk lokacin da aka matsar da kapo a sake duba saiti. Mai gurmi shi ya fi kowa sauƙi, tunda da muryarsa yake saitawa, amma sababbi suna son ɗame tsirkiya don ta fi zaƙi a kunne, su manta su ne za su bi ta da murya har rabin awa. A kuma gwada da ɗan amshi, domin abin da ya yi wa babban namiji daidai yakan yi wa mace ko yaro ƙasa.

Ruwa mai ɗumi a fulas, kurɓi kaɗan tsakanin waƙoƙi. Goro da yaji sai an tashi.

Makirufo

Idan mutane ba su wuce talatin ba kuma a zaure ne ko ɗaki, kada ka sa lasifika ko an ba ka kyauta. Zauna ka ba bango baya, bangon zai tura sautin gaba. A fili ka zauna inda iska ke busowa daga bayanka, a kuma kai janareta bayan katanga.

In taron ya fi haka, makirufo biyu kake so, kowanne da sandarsa. Na murya yatsu biyu daga baki. Na jita taƙi ɗaya daga inda wuya ya haɗu da gangar jiki, wajen gaɓa ta 12 zuwa ta 14. Kada a saita shi a ramin jitar, kuskuren da kusan kowa ke yi, domin daga nan gurnani kawai ke fita, shi ke jawo kukan lasifika. Na gurmi ya fi matsowa, yatsu huɗu daga fata, a ɗan karkace don kada hannu ya buge shi. Idan ɗaya tak aka samu, a tsayar da shi daidai ƙirji yana kallon haɓa, ka zauna a kujera marar hannu, ka rage ƙarfin murya kaɗan don tsirkiya ta samu shiga.

Sandar makirufo ka sayi taka. Ba ta kai kuɗin shadda yadi biyar ba, abokin da zai riƙe maka kuwa hannunsa zai gaji, idonsa ya tafi wajen 'yan mata, sauti ya riƙa zuwa yana komawa. Makirufo mai waya irin Shure SM58, ko kwaikwayonsa da ke cika kasuwa, ya fi marar waya kwanciyar hankali. In marar waya ne dole, batir sabo a aljihu.

Lasifika a gabanka take zama tana kallon jama'a, ba a bayanka ba. Kada ka dunƙule kan makirufo da tafin hannu, hakan ma kuka yake jawowa. DJ ya saba cika eko da bes don waƙoƙin rawa, su kuma suna haɗiye kalmomi. Ka gaishe shi da kyau tun da ka iso, ka ce: “Don Allah maigida, a sauke min eko kusan ƙasa, a rage bes a layin jitar.” Ka sa ɗan amshinka ya je can bayan kujeru ya saurara kana rera baiti guda. Tambaya ɗaya za ka yi masa, ko ya ji kalmomin.

Game da abin bugawa, kalangu yana danne jita da gurmi a ƙaramin wuri. Ƙwarya a kife a kan bargo ninki huɗu ta wadatar, ana dukanta da gindin hannu, ana ƙyasta ta da zobe.

Wasan kansa

Buɗe da waƙar da hannunka ya fi sabawa da ita, mai matsakaicin gudu da gajeren amshi da za a kama a ji na biyu. Sabuwa ko mai wuya ta zo ta uku. Sunaye a waƙa ta biyu da ta huɗu, lokacin manya sun zauna, iyaye kafin abokai. Ban da zambo, ban da habaici, ba ka san wa ke gaba da wa a gidan ba. Tsakanin waƙoƙi kada shiru ya wuce rabin minti. Mai ƙwarya ya ci gaba da bugu a hankali kana gyara saiti. In ka manta baiti koma amshi, in tsirkiya ta tsinke ka ƙarasa da murya da ƙwarya.

Ajiye faranti a gabanka don masu liƙi su sa kuɗi a ciki maimakon watsawa, mutum ɗaya da ka yarda da shi ya tsare. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da tattaka ta a wurin biki, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyu, kuma EFCC ta gurfanar da mutane a kan haka a 2024. Rubuta lambar asusunka a kwali don masu tiransifa. Karɓi cikon kuɗinka kafin mai taro ya bi motar kai amarya, sallami ɗan amshi da mai ƙwarya a wurin, goge tsirkiya da busasshen ƙyalle kafin ka rufe jaka.