Zaman gida a ƙauyen Sudan: shawara ga ɗan sa-kai sabon zuwa

Idan aikin sa-kai ya kai ka ƙauyukan Hausawan Sudan, ko Mai Wurno kusa da Sinnar, ko Jazira, ko yankin Gadarif, za ka ji Hausa a bakin yaro da babba har ka ɗauka gida ka zo. To, bi a hankali. Kakannin wasunsu sun taso ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas. Wasu hanyar Hajji ce ta ajiye su, suka kama aikin auduga a Jazira bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925. 'Yan ƙasa ne, a nan aka yanke musu cibiya. Kada ka tambayi dattijo yaushe zai koma Najeriya, domin rikicin asali da filaye ya ci rayuka masu yawa a yankin Damazin a 2022, kuma ciwon bai warke ba.

Yawanci a ɗakin baƙi na wani magidanci za a sauke ka, kuma daga zamanka a gidan ne gari zai yanke maka hukunci, tun kafin a ga aikinka. Da asuba shayi kawai ake sha. Karin kumallo na gaske, fatur, sai wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya: ful (dafaffen wake) da burodi, ko asida (tuwonsu), ko kisra (siririyar wainar dawa) da miya, a faranti guda, maza a waje, mata a ciki. Kada ka sa taro a wannan lokaci, kuma don Allah kada ka ɗauki kwanonka ka shige ɗaki. Ni a ganina babu abin da ke saurin ɓata ɗan sa-kai kamar wannan. Mutumin da kuka sa hannu a miya ɗaya da shi, shi ne gobe zai kawo 'ya'yansa rigakafi ko makaranta, ya kuma ja hankalin maƙwabcinsa. Haka idan aka ɗora jabana, wato gahawarsu mai citta, zauna ko da kana sauri. A nan ake jin wane ne ba shi da lafiya, wace ce ta haihu, ina aka yi rasuwa. Gaisuwar mutuwa kuwa ba a ɗaga ta zuwa gobe.

Maigida ba zai karɓi kuɗin abinci ba, tayin ma zai ba shi kunya. Ranar kasuwa ka sayo sukari, ganyen shayi, mai da sabulu, ka ba yaro ya kai wa uwargida. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 gidaje da dama suna ɗauke da 'yan gudun hijira, saboda haka wannan ɗan cefane yana rufa asiri ƙwarai. In an kira nafir, gayyarsu ke nan, fita da fartanya.

Ke kuma 'yar'uwa, ki nemi tob, wato lafaya, irin na matan gari, ki zauna da su wajen yin kisra; abin da ba za a faɗa wa namiji ba, ke za a faɗa miki.

Ruwan randa yana da sanyi, amma ka tafasa naka ko ka sa masa maganin tsabtace ruwa. Kada ka shiga magudanan ban-ruwa na Jazira, tsargiya tana ciki. Da zafi a tsakar gida ake kwana, kan angareb, gadon igiya, to ɗaura gidan sauro mai magani kowane dare. A Gadarif musamman akwai ɗan ƙaramin ƙwaro mai yaɗa cutar kala-azar, wadda ke sa zazzaɓi mai daɗewa, yana son baƙar ƙasa mai tsagewa da gindin aduwa. Zazzaɓin da ya kai mako biyu bai sauka ba, a tafi asibiti.

Kafin damina ta kankama a Yuli ka tanadi magungunanka da ƙaramar sola ta cajin waya, domin laka tana rufe hanya kwana da kwanaki. Takardunka su kasance a jikinka in za ka fita gari, kuma kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto a shingen jami'an tsaro.