In takardar bailiff ta faɗo maka a Ingila

Salam 'yan uwa sababbin zuwa, akwai kalmar da nake so ku sani tun kafin ku ganta a takarda, bailiff, belif ake furtawa. Watana biyu da kama haya wata wasiƙa mai jan rubutu ta faɗo ta ramin ƙofa, bashin wanda ya tashi daga gidan ne, amma wallahi ranar ko abinci na kasa ci.

Kalmar tsohuwa ce, Normawa suka shigo da ita daga Faransa bayan sun ci Ingila a 1066, asalinta kuma Latin ne, bajulus, wato ɗan dako. A da belif shi ne wakilin mai ƙasa, shi ke bi yana karɓar kuɗin haya da tara, kamar dai jakadan hakimi a wajenmu. Tun 2014 sunansu a doka enforcement agent, amma kowa belif yake cewa, kuma aikin bai canza ba, karɓo bashi ne, harajin kansul, wato ƙaramar hukuma, ko tarar fakin ko bashin da kotu ta yanke.

To ga abin da nake roƙonku, kar ku jefa takardar a bola don tsoro. Dole su aiko da notis tun kafin su zo, a nan ne gyara yake da sauƙi, ka kira ka nemi biya kaɗan kaɗan, don da zarar sun tako ƙofarka kuɗin zuwan ma a kanka za a ɗora. In sun zo, tsakanin 6 na safe ne da 9 na dare, kuma a irin wannan bashin ba su da ikon ɓalle ƙofa, amma in ka barta ba kulle za su shigo, mu kuma mun saba baƙo ya yi sallama a ce bismillah shigo, to nan ba wurinsa ba ne, yi magana ta taga ka ce ya nuna katin shaida. Ba sa ɗaukar gado da firji da tufafi, mota dai da ke waje suna iya sa mata mari. Tarar kotun laifi kam dokarta ta fi tsauri, Sikotland ma nasu tsarin daban.

Ni hoton takardar hayata na tura musu aka rabu da ni. In bashin naka ne, je Citizens Advice ko ka kira National Debtline, ƙungiyoyi ne masu ba da shawara kan bashi, kyauta ne.