Yadda Za a Gyara Kwamfutar da Ta Ƙi Gane Allo na Biyu

Da farko a duba wayar da ta haɗa allon da kwamfutar, domin galibi a nan matsalar take. A zare wayar HDMI ko DisplayPort daga ɓangarorin biyu, a mayar da ita ta zauna daram, sannan a tabbatar an saita allon a kan mashigar da aka soka wayar, saboda allon da ke jiran HDMI 2 ba zai nuna abin da ke shigowa ta HDMI 1 ba. Mai amfani da USB-C ya lura sosai, ba kowace mashiga irin wannan ce ke ɗaukar hoto ba.

Idan haɗin ya yi daidai, a danna maɓallin Windows tare da P, a zaɓi Extend, wato faɗaɗa hoton zuwa allo na biyu. In har yanzu allon duhu ne, a shiga Settings, a buɗe System, sai Display, a danna Detect.

Bayan haka a danna Windows da Ctrl da Shift da B lokaci guda, wanda zai farfaɗo da manhajar katin hoto. Idan bai yi ba, a sabunta manhajar ta Device Manager, wato sashen Windows da ke jera kayan aikin kwamfuta, a kashe kwamfutar a kunna, kuma a gwada wata wayar kafin a yanke hukuncin cewa allon ne ya lalace.