Ba duk mai haki ne mai asma ba: kurakuran da muke yi wajen gano gazawar zuciya

Duk wanda ya yi aikin dare a asibitocinmu ya san wannan. A kawo mai jego, sati biyar da haihuwa, tana haki, numfashinta na fito. Sai a ba ta salbutamol, maganin asma, a rataya mata ƙarin ruwa wai don ba ta da ƙarfi. Kafin asuba ba ta iya jingina bayanta da gado. Ruwa ne ya taru a huhunta saboda zuciya ta gaza, mu kuma muka ƙara mata wani a kai. Wanda bai taɓa asma ba tun yarinta, in ya fara fito da girmansa, a fara zargin zuciya, kuma kada a sa ledar ruwa sai an duba wuya, an saurari ƙasan huhu ta baya, inda ruwan ke ƙara kamar an watsa gishiri a wuta.

Kuskuren da ya fi yawa yana wajen tambaya. In ka ce "Baba, kana haki?" zai ce "Alhamdulillahi, da sauƙi", don ya riga ya daina duk abin da ke sa shi hakin. Tambaye shi rayuwarsa. Har yanzu yana taka wa masallaci da ƙafa, ko ya koma salla a zaure? Yana iya sujada, ko a zaune yake yi? Ita kuma, wa ke mata daka da ɗiban ruwa yanzu, tun yaushe? Daga nan za ka san matakinsa a ma'aunin tsananin gazawar zuciya na NYHA mai hawa huɗu, wanda na huɗunsa shi ne haki ko a zaune. Tambayar "filo nawa kake kwana a kai" ta littafi ce, da yawa a tabarma suke kwana. Ka ce masa: a kwance kake barci, ko jingine da bango? Kana farkawa tsakar dare ka fita tsakar gida neman iska?

Sai jijiyar wuya, wadda muka fi kowane abu tsallakewa, sau da yawa don nauyin cewa mace ta sassauta hijabi. A nemi ma'aikaciya ta tsaya. A jingina marar lafiya digiri 45, a juya kansa kaɗan hagu, a haska tocila ta gefe. In bugun jijiyar ya haura santimita 4 sama da tudun ƙashin ƙirji, ruwa ya yi yawa a jiki. Wannan ya fi kumburin ƙafa gaskiya, don ƙoda, hanta, ciki, har maganin hawan jini irin amlodipine duk suna kumbura ƙafa. Wanda ya daɗe a kwance kuwa a ƙugunsa za a danna.

Numfashi a ƙirga shi minti guda cur, ba a rubuta 20 da ka ba. Na'urar yatsa ma kada a sakankance da ita, takan nuna iskar oksijin sama da yadda take a baƙar fata.

Akwai kuma masu jiran eko, wato hoton zuciya, kafin su yi komai, alhali layin na iya kai makonni. Eko na da muhimmanci, amma mai nutsewa a ruwan huhunsa furosemide, maganin fitar da ruwa, yake bukata yanzu. In kuma eko ya nuna ƙarfin bugu kashi 50 ko sama, wannan bai wanke zuciya ba, musamman ga tsohuwa mai daɗaɗɗen hawan jini. Inda ake gwajin jini na NT-proBNP, ƙasa da 300 ga wanda hakin ya taso masa farat ɗaya yana nuna a nemi dalili a wani wuri.

Gano gazawar zuciya rabin aiki ne, saura me ya kawo ta. Binciken THESUS-HF na 2012 a ƙasashen Afirka tara ya nuna hawan jini ne kan gaba, kusan kashi 45. A Arewa kuwa ciwon zuciyar masu jego ya yi mana katutu. Davidson da Parry sun bayyana shi a Zariya tun shekarun 1970, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego. Binciken baya, wanda Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, bai ga alaƙar ta kai haka ba, don haka a daina yi wa uwar yarinya faɗa kamar ita ta jawo. Kanwar dai a dakatar, gishiri ce. A auna jini, a tuna da tarin fuka, yana tara ruwa a jakar zuciya.

Kafin sallama a ce ya zazzage ledar magungunansa a tebur. Sau da yawa za ka tsinci diclofenac na kemis da yake sha don ciwon gwiwa, shi ke riƙe masa gishiri da ruwa. A rubuta nauyinsa na ranar a kati, a gaya wa ɗan da ya rako shi: in ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ku dawo da shi, kada ku jira ranar da aka ba ku.