Kurakuran Auna Barazana a Bakin Iyaka: Abin da Ya Faru a Satiru

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar iyaka kamar katanga. Layin da Ingila da Faransa suka ja tsakanin Sakkwato da ƙasar Dosso a takarda yake, mutane kuwa da ƙafa suke tafiya. A ƙarshen 1905 aka yi wa Faransawa bore a Kobkitanda, wani ƙauye a ƙasar Dosso. Da suka murƙushe shi, jagoran boren, wani malami makaho da ake kira Ɗan Makaho, ya tsallako ya sauka Satiru, kudu da Sakkwato. Rikicin ya canza gida ne kawai. Gyaran nan ba wuya: in aka ji tarzoma ta lafa a ƙetare, a tambaya ina jagororinta suka nufa, wa ya sauke su. Fatake da 'yan cin kasuwa sukan riga ofis ji.

Sai ƙirga makami a manta da zuciya. Satirawa fartanya da gatari da kwari da baka ne a hannunsu, shi ya sa aka raina su. Ran 14 ga Fabrairu 1906 Hillary, muƙaddashin Razdan na Ingila a Sakkwato, ya tafi Satiru da sojan doki da nufin kamo mutum ɗaya. Ya wuce gaba don ya yi magana, jama'a suka auko kafin soja su gama jeruwa, dawakai suka firgita, sahu ya watse. Turawa uku suka mutu tare da soja sama da 20, har bindiga mai ruwa aka bari a fili. Mai auna barazana ya fara da tambayar me ya tara mutanen, me suka yi imani da shi. A Satiru tun 1904 ake zancen Mahadi.

Akwai kuma dogaro da fada kaɗai. Sarkin Musulmi Attahiru II yana tare da Turawa, amma talakawa da bayin da suka gudo suka taru a Satiru ba su kai kukansu fada. Rahoton da bakin sarauta kaɗai ya cika rabi ne. A haɗa da na masallaci da na bakin rijiya.

Na ƙarshe, a ganina, ya fi muni: wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya zabura. Bayan an sha kashi sai kowane malami ya zama abin zargi. Ran 10 ga Maris aka koma aka kashe mutum wajen 2,000, aka ƙone garin. Har yau kufai ne.